Tsaron Rai a Tseren Motoci: Tambayoyin da Masu Kallo da Sababbin Mashal Suka Fi Yi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin waɗanda suka fara bin tseren motoci, da kuma masu niyyar shiga aikin tsaron gefen hanya, wato aikin mashal. Yawancin amsoshin sun dogara ne da dokokin FIA, hukumar wasannin motoci ta duniya mai hedikwata a Faris. Inda Amurkawa suka saɓa, an faɗa.

Mota ta daki shinge da mugun gudu, ta yi kaca-kaca, amma direba ya fito da ƙafarsa. Yaya haka ke yiwuwa?

Gudun ba shi ke kisa ba, tsayawa farat ɗaya ce ke kisa. Ƙwan da ya faɗi a kan siminti da wanda ya faɗi a kan katifa nisa ɗaya suka faɗo, amma katifa ta lotsa ta ba nata ɗan lokaci kafin ya tsaya. Duk abin da za ka gani a gefen hanyar tsere, da tsakuwa da tayoyi da shinge, aikin katifar nan yake yi: ya ja tsayawar mota ta ɗauki ƙarin mita biyu ko uku, da ƙarin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Ita ma motar da gangan aka ƙera ta don ta farfashe. Hanci da gefuna da baya suna murƙushewa su shanye ƙarfin karon, su bar akwatin tsakiya na zaren kabon, inda direba ke zaune, yana nan daram. Saboda haka tarkacen da ke tashi sama, wanda ke tsorata mai kallo, sau da yawa alama ce cewa motar ta yi aikinta. Ana auna tsananin karo da ma'aunin g, wato ninkin nauyin jikin mutum. A Baharen a 2020, Romain Grosjean ya shiga shingen ƙarfe a gudun kilomita 192 a awa, karon ya kai g 67, motar ta rabe biyu ta kama da wuta, shi kuwa ya fito cikin ƙasa da rabin minti da ƙuna a bayan hannuwansa.

Me ya sa tayoyi? Ba a sami abin da ya fi su ba ne?

Taya tana da hali uku da ke da wuyar haɗuwa a abu guda: tana lotsawa, ba ta kakkaryewa ta zama tsinke mai soke mutum, kuma ana samunta ko'ina cikin araha. Kafin ta, damman busasshiyar ciyawa ake jerawa. A Monako a 1967 motar Lorenzo Bandini ta kife ta kama da wuta, ciyawar ta ƙara rura wutar, ya rasu bayan 'yan kwanaki, kuma daga baya aka kori ciyawa daga gefen hanyoyin Fomula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya.

Sai dai shingen tayoyi ba tarin tayoyi ba ne da aka jibge kamar a bayan shagon faci. Ana zaɓar tayoyin mota masu girma ɗaya, a ɗora su juna bisa juna har tsayin mita ɗaya ko fiye, a ɗaure kowace da ta kusa da ita da noti, sama da ƙasa da gefe. Sahu biyu ko uku ya isa a kwanar da ba a gudu sosai, amma a wuri mai haɗari akan kai sahu shida. Wani lokaci akan zura bututun roba mai tauri a cikin kowane jeri don ya ƙara masa jimiri. Sannan a rufe fuskar shingen baki ɗaya da faffaɗan bel na roba mai kauri, irin wanda ke jan kaya a masana'antu, a jingina komai da katangar kankare ko shingen ƙarfe.

Bel ɗin nan shi ne abin da mutane ba sa lura da shi, alhali rabin aikin nasa ne. In babu shi, hancin mota mai tsini zai kurɗa tsakanin jeri biyu kamar allura, tayoyin su rufto wa direba a ka. Da shi kuwa, mota ta daki wuri ɗaya amma tayoyin dama da na hagu duk su ji a jikinsu, su raba nauyin. A Silverstone ta Ingila a 2021, Max Verstappen ya shiga irin wannan shinge a kwanar Copse da g 51, ya fito da kansa.

To me ya hana a kewaye hanyar baki ɗaya da tayoyi?

Domin akwai wurin da taushi ke zama haɗari. Abin dubawa shi ne ta wace kusurwa mota za ta iso. A ƙarshen doguwar miƙa, inda birki zai iya ƙi mota ta taho kai-tsaye, ana son abu mai lotsawa. Amma a gefen miƙar kanta, mota goga shinge take yi a karkace. A nan katanga mai santsi ta fi, domin motar za ta zame a jikinta tana rage gudu a hankali. Sa tayoyi a irin wannan wuri, sai su cafke ƙafar motar su tsayar da ita nan take, ko su juya ta, ko su cillo ta tsakiyar hanya gaban masu tahowa.

Aibin taya na biyu ke nan: roba ce, abin da ta karɓa tana iya mayarwa. Motar da shinge ya dawo da ita kan hanya tana fuskantar karo na biyu bayan ta riga ta zubar da sassan da ke kare ta. Irin wannan karo na biyu ne ya kashe Anthoine Hubert a tseren Fomula 2 a Spa ta Beljiyom a 2019, kuma daga baya aka faɗaɗa filin gefen wannan wuri.

Waɗannan manyan tubala ja da toka-toka da ake gani a wasu kwanoni fa?

Sunansu Tecpro, ƙirar wani kamfanin Faransa. Tubalan roba ne da aka sarƙe da madauri masu ƙarfi. Na gaba cike suke da soso da farantin ƙarfe a ciki don kada mota ta huda, na baya kuma fanko ne, su ne ke murƙushewa. An fi ganinsu a tseren cikin gari irin na Monako da Singafo, inda babu filin jera tayoyi sahu-sahu.

A Amurka, inda ake tsere a hanyoyi masu siffar ƙwai kusa da katanga, an bi wata dabara. Shingen SAFER, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Nebraska aka fara kafa shi a Indianapolis a 2002, bututun ƙarfe ne a gaba da soso a bayansu kafin kankare. Yana da santsin da mota za ta zame, yana kuma ɗan lotsawa.

Tsakuwa ko kwalta: wanne ya fi a bakin kwana?

An daɗe ana wannan gardama kuma ba ta mutu ba. Tsakuwa tana riƙe motar da ba ta da birki ko ta rasa ƙafa, kuma tana hukunta direban da ya yi kuskure, domin in ya shiga da wuya ya fita. Amma motar da ta shigo ta a gicciye tana iya tuntsurawa, wadda ta shigo da gudu sosai kuma tana iya tsallake saman tsakuwar ba ta nutse ba. Ga shi in mota ta maƙale sai an shigo da janwe, shi ma da nasa haɗarin (duba amsar tuta rawaya biyu). Kwalta tana bai wa direba damar taka birki ya tsaya da kansa, sai dai tana koya wa direbobi rashin kunya: sun san ba abin da zai same su, sai su riƙa fita layi suna cin riba. A Ostiriya a 2023 sai da aka binciki fita layi sama da sau 1,200 a tsere ɗaya. Shekarar da ta biyo aka zuba siririn layin tsakuwa a bayan kwanoni biyu na ƙarshe, matsalar ta kwanta.

Mene ne ma'anar kowace tuta?

Rawaya: akwai haɗari a gaba, rage gudu, ba a wuce kowa. Koriya: an wuce wurin haɗarin, a ci gaba. Ja: an dakatar da komai, kowa ya lallaɓa ya koma layin gareji. Mai ratsin ja da rawaya: hanya ta yi santsi, ko mai ya zuba ko ruwa ko tsakuwa. Fara: akwai abin hawa mai tafiyar hawainiya a gaba, amma a tseren Amurka irin NASCAR da IndyCar fara na nufin zagayen ƙarshe, abin da ke rikita sabon mai kallo. Shuɗiya: wanda ya fi ka gudu yana bayanka. A tseren Fomula 1 ana nuna ta ga wanda na kan gaba ke shirin yi wa zagaye guda, kuma in ya yi kunnen ƙashi har sau uku, hukunci na biye.

Akwai uku da ake nunawa tare da lambar mota, domin mutum ɗaya ake nufi. Baƙa mai da'irar ruwan lemo a tsakiya: motarka ta lalace har tana iya cutar da wani, shigo a gyara. Rabi baƙi rabi fari a karkace: gargaɗi kan tuƙin rashin da'a. Baƙa ƙirin: shigo, kuma galibi ka gama ke nan.

Sai mai gidan dara, baƙi da fari, ta ƙarshen tsere. Ƙarfinta ya kai ko da kuskure aka kaɗa ta, ta zauna. A Kanada a 2018 an kaɗa ta kafin lokaci, dole aka lissafa sakamako a zagaye na 68 maimakon 70.

Mene ne bambancin rawaya ɗaya da rawaya biyu?

Ɗaya ana kaɗawa: haɗarin yana gefe ko ya ɗan taɓa hanya, ka shirya kaucewa. Biyu ana kaɗawa: hanya ta toshe, ko akwai mutane a kai ko a bakinta, ka rage gudu sosai ka shirya tsayawa.

Matsalar ita ce kalmar "sosai". Direban tsere an horar da shi tun yana yaro kada ya ba da ko taƙi, don haka ragin da zai yi shi ne mafi ƙanƙantar da zai fisshe shi wajen alƙalai. Ranar 5 ga Oktoba 2014 a Suzuka ta Japan, ana ruwa, gari ya fara duhu, motar Adrian Sutil ta fita hanya, aka shigo da katafila don ɗauke ta ƙarƙashin rawaya biyu. Zagaye ɗaya bayan haka Jules Bianchi ya zame a wuri guda, ya shige ƙarƙashin katafilar. Bai farfaɗo ba har ya rasu a Yulin 2015. Shi ya sa ran direbobi ya ɓaci matuƙa a 2022 da aka sake ganin motar ɗauke kaya a kan wannan hanya cikin ruwa, Pierre Gasly ya wuce ta dab da dab. Abin da aka ƙirƙiro saboda haɗarin Bianchi yana cikin amsar motar tsaro.

Mai gudun kilomita 300 a awa yana ganin ƙyallen da wani ke kaɗawa kuwa?

A wannan gudu mota tana cin sama da mita 80 a daƙiƙa ɗaya, don haka ba a dogara da ƙyalle kaɗai. A manyan hanyoyi akwai allunan fitilu masu haske a gefe, launin yana kuma bayyana a kan sitiyarin direba, ga injiniyansa na faɗa masa ta rediyo. Duk da haka ba a jefar da tuta ba. Wuta na iya ɗaukewa, waya na iya tsinkewa, amma hannun mutum na nan. Kuma mashal ɗin da ke tsaye a wurin yakan ga mota ta juya kafin ɗakin kula da tsere ya gani a talabijin.

Yaushe ake fito da motar tsaro, yaushe ake jan tuta?

Matakai ne. Idan aikin ɗan kaɗan ne, kamar ɗauke tarkace ko tura mota bayan shinge, ana sa tsarin da ake kira VSC, wanda aka fara a 2015 bayan haɗarin Bianchi. Babu motar da ke fitowa, kwamfuta ce ke ƙayyade wa kowane direba lokacin da ba zai riga shi isa kowane yanki ba. An ɗauke shawarar rage gudu daga hannun direba ke nan. A tseren awa 24 na Le Mans akwai makamancinsa: yankin da abin ya faru kaɗai ake ƙayyade wa kilomita 80 a awa.

Idan ana bukatar hanya ta zama wayam na ɗan lokaci, sai ainihin motar tsaro ta fito ta tattara motocin a bayanta. Amfanin ba rage gudu kaɗai ba ne: da zarar sun dunƙule wuri guda, mashal na samun tazara mai tsawo tsakanin wucewarsu da dawowarsu. An fara gwada ta a Kanada a 1973, inda ta tare motar da ba ita ce kan gaba ba aka sha ruɗani, ta zama doka a 1993, kuma tun 2000 Bernd Mayländer ke tuƙa ta. Jar tuta kuwa sai in shinge ya lalace, ko likitoci na bukatar hanya, ko ruwa ya hana gani. Shingen tayoyin da aka daka sai an mayar da shi yadda yake kafin a ci gaba, komai daɗewa.

Su wane ne mashal, kuma nawa ake biyansu?

Mutanen nan ne masu kayan ruwan lemo da ke tsaye a bayan shinge. Mafi yawansu 'yan sa-kai ne, har a Fomula 1. Malamai ne, makanikai, ma'aikatan jinya, 'yan fansho, waɗanda ke ɗaukar hutu su zo su yini a rana ko a ruwa tun asuba. A wasan da ake biyan wasu direbobi miliyoyin daloli, wannan abu ne da ya cancanci a ɗaga gira a kansa, ko da yake su kansu da yawa za su ce maka ba su ga kujerar da ta fi tasu kyau ba.

Yaya aiki yake a wurin tsayuwarsu?

An raba hanya yanki-yanki, kowane wurin tsayuwa yana hango na gabansa da na bayansa. Akwai shugaba, akwai mai rediyo ko waya da ke magana da ɗakin kula, akwai masu tuta, sai masu shiga hanya da masu kashe gobara.

Kalli masu tuta biyu da kyau in kyamara ta nuna su. A al'ada fuskantar juna suke yi. Mai shuɗiya yana duban motocin da ke tahowa. Mai rawaya ya ba su baya, yana duban inda suka nufa, domin can ne haɗarin da zai yi gargaɗi a kai zai faru. Ransa na hannun abokinsa: in mota ta kuɓuce ta nufo su, mai shuɗiya ne zai fizge shi. Sauran ƙa'idojin ma haka suke, gajeru: kada ka jingina da shinge domin yana motsawa in an dake shi, kada ka zauna ana tsere, ka san inda za ka ruga tun kafin ka bukata, kuma ka ajiye wayarka a aljihu.

Mota na ci da wuta, me ya sa wani lokaci suke tsayawa ba su ruga ba?

Ranaku biyu ne suka rubuta wannan doka, kuma darasinsu ya ja gefe biyu. A Zandvoort ta Holan a 1973 motar Roger Williamson ta kife tana cin wuta. Mashal ɗin wurin ba su da kayan da ke jure wuta, ba su iya matsowa ba. Direba ɗan'uwansa David Purley ya tsayar da tasa motar, ya yi ta ƙoƙarin ɗaga ta shi kaɗai, ana ci gaba da tsere, har Williamson ya mutu. Daga nan aka san cewa mashal marar kayan aiki ɗan kallo ne kawai.

A Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1977 akasin haka aka yi. Ƙaramar wuta ta tashi a motar Renzo Zorzi, mashal biyu suka tsallaka hanya da gudu ba tare da izini ba, a bayan wani tudu da direbobi ba sa hango gabansa. Tom Pryce ya taho da gudun kusan kilomita 270 ya kaɗe na biyun, matashi ɗan shekara 19. Tukunyar kashe gobarar da ke hannun yaron ta daki kan Pryce. Duka biyun suka mutu nan take, wutar kuwa ba ta taɓa kowa ba. Don haka yau ba mai taka hanya sai ɗakin kula ya tabbatar an rage wa motoci gudu. Daƙiƙun nan da kake ganin kamar sakaci ne, jiran wannan izini ake yi.

In sun isa, me ya sa ba sa jawo direba waje?

Sai in wuta ta tilasta. Wanda ya karye a wuya ko gadon baya, jan gaggawa na iya nakasa shi har abada. Aikin mashal shi ne ya kashe wuta, ya yi wa direba magana ya ga ko yana amsawa, ya yi wa likita alama. Akwai ƙungiya ta musamman da ke zaro direba tare da kujerarsa. Motar likita kuma tana bin bayan motoci a zagayen farko, al'adar da Farfesa Sid Watkins ya kafa bayan mutuwar Ronnie Peterson a Monza a 1978. Ita ce ta isa wurin Grosjean cikin 'yan daƙiƙu.

Akwai kuma lantarki. Motocin yanzu na ɗauke da batir mai ƙarfin da zai iya kisa. A samansu akwai fitila: koriya, a taɓa, ja, kada a kuskura. Shi ya sa za ka ga mashal da dogayen safar hannu na roba.

Me ke kare kan direba da wuyansa?

Bayan hular kwano, akwai HANS, wani abin wuya mai zama a kafaɗa da aka ɗaure da hular don kada kai ya fizgu gaba a karo. NASCAR ta wajabta irinsa a 2001 bayan mutuwar Dale Earnhardt a Daytona, Fomula 1 kuma a 2003. Sai halo, baka na ƙarfen titaniyom da ke kewaye kai, mai ɗaukar nauyin kusan tan 12. Da aka kawo shi a 2018 an yi ta kushe shi da muni. Grosjean ma yana cikin masu sukar, har ranar da halo ya buɗe masa hanya a cikin shingen ƙarfe. A Silverstone a 2022 motar Zhou Guanyu ta yi ta jan ƙasa a kife, ta tsallake tayoyi ta maƙale a jikin ragar waya, ya fito ba karaya.

Mu masu kallo fa, muna cikin aminci?

Fiye da da, nesa ba kusa ba. A Le Mans a 1955 Marsandin Pierre Levegh ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a, sama da mutum 80 suka mutu, har Suwizalan ta haramta tseren zagaye na shekaru masu yawa. Yau akwai doguwar ragar waya mai lanƙwasa ta sama da tazara tsakaninta da kujeru. Abin da aka fi tsoro shi ne ƙafar mota da ta cire. Tun 1999 ake ɗaure ƙafafu da igiyoyi masu ƙarfi, amma duk da haka ƙafa ta kashe mashal a Monza a 2000, wata kuma a Melbourne a 2001, aka ƙara yawan igiyoyin da ƙarfinsu. A tseren rali, wanda ake yi a hanyoyin karkara da daji inda babu raga, kada ka tsaya a wajen kwana ko inda aka ɗaura jan kirtani.

Ina son in zama mashal. Ta ina zan fara?

Nemi hukumar wasannin motoci ta ƙasarka ko kulob ɗin hanyar tsere mafi kusa. Za a koya maka tutoci, amfani da tukunyar kashe gobara ta gari da ta kumfa, da maganar rediyo, sannan a haɗa ka da gogagge a ƙananan tsere. Manyan gasa sai ka tara kwanakin aiki. Ka zo da takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, abin toshe kunne da ruwan sha. Kayan da za ka sa a ciki su zama na auduga zalla, domin nailan narkewa yake ya manne da fata in ya ji wuta.